Direban da Ban Iya Kallon Idonsa Ba

Shekaru sun ja, kuma mai yiwuwa wasu abubuwan sun cakuɗe mini, don haka inda nake kokwanto zan faɗa. A lokacin ban daɗe da gama bautar ƙasa ba. Farar hula sun karɓi mulki, Abuja kuwa duk inda ka waiwaya gini ne ke tashi, siminti ba ya kwana a ƙasa. Na samu aiki a wani kamfanin dakon siminti mai gareji kusa da Zuba. Ni mutum ne mai tsoron kuskure, wanda yakan koma ya taɓa ƙofa bayan ya san ya kulle ta, ina jin shi ya sa aka ba ni wannan aikin. Direban da ya dawo daga doguwar tafiya sai in karɓi makullinsa in tura shi ɗakin hutu. Kafin ya sake tayar da mota kuma, in tsaya gabansa in dubi idonsa. Oganmu, mutumin kudu ne mai Hausar kasuwa, ya ja mini kunne cewa kada in tsaya ga abin da direba ya faɗa, in duba da kaina. Shi ne kuma yakan fara faɗa idan kaya sun makara. Direbobin suka naɗa mini sarautar Sarkin Barci, in na shigo sai su yi ta minshari da gangan.

Matasan ba su ba ni wahala ba. Wanda ya gagare ni wani dattijo ne ɗan yankinmu, wanda ya girmi mahaifina, kowa Baba yake ce masa. A gidanmu an rene mu a kan cewa yaro ba ya ƙura wa babba ido. Idan na zo duba shi sai in russuna in gaishe shi, in yi masa ban gajiya, ya ce babu gajiya, in miƙa masa makulli da hannu biyu, kaina a ƙasa. Na fi sanin takalminsa da fuskarsa.

Wata rana da zafi, ina jin kafin Azahar ne, ya iso daga wajen Lokoja da kaya, ana jiransu a wani gini a Durumi. Bisa ƙa'ida ya kamata ya kwanta, wani ya ƙarasa da motar, amma babu kowa a gareji, Oga kuma sai kira yake. Baba ya ce mini Durumi ai nan da nan ne. Na ba shi makulli, na hau gefensa don ni ma ina da aiki a can. Ya ɓara goro ya ba ni. Na shiga ba shi labarin auren da nake shirin yi, duk inda na tsaya sai ya ce to, madalla. Bayan mun wuce Kubwa labarin ya ƙare, na yi shiru. Can sai na ji ya ce to, madalla. Aka jima kaɗan ya sake faɗa, da murya ɗaya da ta farko, ba ƙari ba ragi.

A nan ne na ɗaga kai na dube shi sosai, karo na farko tun da na san shi. Idanunsa a buɗe suke, suna kan titi, amma ba sa ƙiftawa. Guntun goro na maƙale a leɓensa bai tauna ba. Hannunsa na juya sitiyari, ya sauya giya daidai inda ya kamata. Wata bas ta shigo gabanmu, ya taka birki yadda ya dace. Sai dai babu kowa a cikin idanun nan. Ban san yadda zan bayyana shi fiye da haka ba. Motar cike da siminti, mutane na tsallaka titi, ni kuma ina tsoron in na yi ƙara ya firgita ya fizgi sitiyari. A hankali na ce masa Baba, lokacin salla ya yi. Ya kunna sigina, ya gangara gefe, ya ja birkin hannu, ya ɗauki butarsa ya sauka. Sai da ruwa ya taɓa fuskarsa ya tsaya cak, ya dubi titi hagu da dama, sannan ya dube ni ya ce, “Ɗana, wa ya kawo mu nan?”

Abin da ya tuna na ƙarshe shi ne ƙofar gareji. Bayan mun idar da salla ya roƙe ni kada Oga ya ji, ya ce 'ya'yansa mata na makaranta, kuma dattijon da aka sallama babu mai ɗaukarsa. Ya ce abin ya daɗe yana faruwa, motar ta san hanya. Na ce zan yi tunani. Na yi ta tunanin, kullum ina cewa gobe. Abin da na iya kawai shi ne matsa masa ya riƙa kwanciya. Sai in leƙa ta taga in gan shi a kan tabarma, ido buɗe yana kallon silin, ba na iya gane ko barci yake ko a farke yake, kuma ban taɓa samun ƙarfin halin shiga in tambaye shi ba.

Bayan wasu makonni ya ɗauki kaya zuwa Kaduna da safe. An sami motar a daji, a inda titi ya yi kwana ita kuma ta miƙe. Waɗanda suka je sun ce ba su ga alamar birki a kwalta ba. Shi kaɗai ya rasu, Allah ya jiƙansa. Kamfani ya ce birki ne ya ƙwace. Ba zan iya rantsuwa cewa ba haka ba ne, amma ni ne na miƙa masa makulli a ranar, kuma kaina a ƙasa yake.

Na sani ajali ba ya wuce lokacinsa. Duk da haka na fahimci cewa ladabin da na yi masa kaina na sauƙaƙa wa, ba shi ba. Da na karɓe makullin zai yi fushi da ni, wataƙila har yau. Duk wanda aka ɗora wa amanar hutun direbobi, ya dubi fuskar mutum ko da ya haife shi. Direbobi kuma, in kun isa wuri ba ku tuna yadda kuka zo ba, kada ku ce ƙwarewa ce.

Akwai abu ɗaya da har yanzu ban tantance ba. Wasu masu sayar da lemo a Zuba sun ce sun gaishe shi da zai wuce a safiyar, ya ɗaga musu hannu yana dariya. Wasu sun ce hannun kawai ya ɗaga, bai juyo ba. Idan akwai wanda yake wurin, ko ya ga na yi kuskure a wani abu, don Allah ya rubuto ta wannan mujalla ya gyara mini.