Wasiƙa Ta Bakwai

Shekara talatin Malama ta yi tana koyar da rubutu a firamare, ba wanda ya taɓa kiranta mai fara'a. Da hannunta aka san ta: haruffa a tsaye, ba wanda ya jingina da ɗan'uwansa. Da ta yi ritaya, wani tsohon ɗalibinta da ya zama mai ɗaukar hoto a harkar fim ya nemo ta. Taurarinsu sun iya kuka da kallon ƙauna, amma rubutunsu kamar kyankyaso ya faɗa tawada ya fito. Tun daga nan duk wasiƙar soyayyar da aka nuna a finafinansu Malama ce ta rubuta, ita wadda marigayi mijinta bai taɓa rubuta mata ko jerin cefane ba.

Abin da ba su sani ba, wata takwas ke nan hannunta na dama yana rawa. A gida takan danne shi da na hagu, wasiƙa ɗaya ta cinye mata yini. Ranar da suka gane, a kwamfuta za su riƙa bugawa, ita kuma ta koma tsakar gida tana jiran mai zuwa gaisuwa.

Ran nan a wani falo da aka ara ake ɗauka. Tauraruwar za ta karanta wasiƙar rabuwa, ta yi kuka, ta yayyaga ta. Malama ta kawo kwafi shida, ta zauna a kusurwa, hannunta cikin mayafi.

A ɗauka ta farko, tana yagawa wani ya yi atishawa. Ta biyu ma, tana yagawa waya ta yi ƙara. Ta uku da ta huɗu, yarinyar ta yaga takardar ido a bushe.

"Ƙanwata," in ji darakta, "saurayi ne ya bar ki, ba takardar kuɗin wuta aka kawo miki ba."

Wannan maganar ta sa dariya ta ƙwace mata a ta biyar, bayan ta riga ta yaga. Malama ba ta yi dariya ba. A ta shida hawaye ya zo yadda ake so, takarda ta rabu biyu, sai babbar fitilar ta mutu.

"Malama, a taimaka mana da ta bakwai. Minti biyar ya ishe ki, ai."

Aka jawo mata tebur, aka ajiye biro. Tauraruwar ta tsaya a kanta. "Inna, yau dai zan ga yadda kike yi."

Ta fiddo hannun. Biron ya taɓa takarda, ya fara buga ta a hankali, ɗis-ɗis, bai rubuta komai ba. Gumi ya gangaro mata ta bayan kunne.

Mai ɗaukar hoto ya ɗago daga na'urarsa, ya dubi teburin sau ɗaya.

"Darakta, a bar rubutun. Zan koma bayan takardar in ɗauki fuskarta. Kowace takarda ma ta yi."

"Ni rubutun nake so a gani."

"Na ɗauko shi sarai a ta uku. Hasken ranar tagar nan kuma ba zai jira mu ba."

Darakta ya dubi tagar, ya ja tsaki, ya ce a yi. Wani shafin labarin fim ɗin aka ninke, shi yarinyar ta yi wa kuka.

Da aka watse, Malama ta same shi yana naɗe waya.

"Ka gani."

"Na ga me, Malama?"

"Kada ka raina mini hankali."

Ya ci gaba da naɗi. "Tun yaushe?"

"Wata takwas."

"Fim na gaba wasiƙa huɗu ne. Zan kawo miki su gida tun da sauran wata guda, ba mai tsaya miki a ka. Amma jibi zan kai ki wurin likita."

"Ban ce ina neman direba ba."

"Ƙarfe tara."

Ta mayar da hannun cikin mayafi. "Ka faɗa wa yarinyar nan ta koyi kuka tun daga gida. Kwafi uku zan yi, ba ƙari."