Gwiwoyin da Na Soya

Ɗana na fari, wanda ba na kama sunansa, ya ƙare karatun boko kakaf, sai aka wayi gari wai guringuntsi yake bincike. Guringuntsi dai da kuka sani, farin nan na kan ƙashi da muke gurgura in an yi farfesu. Shekara goma sha yana leƙen sa a madubin likita, har ana kiran sa ƙasashen waje ya yi bayani a kai. Ba yabon sa nake ba, mutane ne ke faɗa.

Ana saura mako guda babbar sallah ya bugo waya, a cikin hira ya ce samun guringuntsin gwiwa mai kyau na ba shi wahala. Abin ya tsaya mini a rai. Ɗana na neman gwiwa, ga gari cike da raguna?

Washegari a wurin suna a Kwandiko na miƙe a gaban mata na ce duk wadda aka yi layya a gidanta ta aiko mini da gwiwar rago, ɗana likita zai haɗa maganin ciwon gwiwa, kuma wadda ta bayar ita ce a sahun gaba. Ni da ban taɓa faɗin magana ta faɗi ƙasa ba, wa zai yi musu? Daga Sundimina aka aiko, daga cikin Birnin Kudu aka aiko. Wata Hajiya ta Gwaram ta hau acaɓa da kanta ta kawo huɗu, har da ta maƙwabta.

Shi kuwa sai rana ta uku da sallah zai iso gida, ga zafi. Na yi abin da kowace mace mai hankali ke yi wa naman layya: na sa gishiri, na soye su ƙayau, na barbaɗa yaji, na cika babban kwano na rufe.

Ranar da ya zo tsakar gidana ba wurin sa ƙafa, tsofaffi sun miƙe ƙafafu a kan tabarma suna jira. Na ja shi ɗaki na buɗe kwanon. Ya daɗe yana kallo.

"Inna, soyawa kika yi?"

"To ɗanye zan bar maka, ƙudaje su riga ka binciken?"

Ya ce shi wasu 'yan mitsi-mitsin halittu masu rai yake nema a ciki, kuma a ƙanƙara ake ajiyewa. Na ce ragon da aka yanka aka feɗe, a gwiwarsa kake neman rai? Na ce to bar wannan, ina maganin? Ya ce magani da sauran tafiya, ƙila shekara ashirin, amma masana a ƙasashe da yawa suna ambaton aikinsa a takardunsu.

"Cikinsu mutum nawa ya miƙe ya taka?"

"Ba haka ake auna shi ba, Inna."

Da wane bakin zan fita?

Shi ne ya fita. Ya durƙusa ya duba gwiwar kowacce, ya ce wannan ta rage ɗaukar kaya, waccan ta riƙa 'yar tafiya da safe, biyu kuma ya ce lallai su je asibiti. Suka saurare shi da ladabi, amma na ga idanunsu: surutu suka ji, ba su ga ƙullin magani ba. Hajiyar Gwaram ta ce, "To Yaya, tunda babu magani, a ba mu gwiwoyinmu."

Na fito da kwano. Wallahi kowacce sai ta ce ta gane ta ragonta. "Wannan tawa ce, ragona ƙato ne!" "Ke tafi can, naki da ko tsayuwa ba ya iyawa!" Aka raba da ƙyar, suka zauna nan suna gurgura, likita na tsaye ya riƙe kai.

Sati biyu na ƙi fita ko barka. Ran Juma'a sai ga saƙo daga Gwaram, wai tun da Hajiya ta tauna, gwiwarta ta hagu ta saki. Na bugo masa. Ya ce tafiyar safen ce, don Allah in gaya musu ba magani ba ne. Na gaya musu, har sau biyu. Suka ce ai dama likita ba zai so a sani ba.

Sallar bana tukunya uku na ɗora don suyar gwiwa.