Igiyar Barewa a Yanbu

Mun tashi da asuba daga unguwar Al-Awali a Madina, mu uku da karya ɗaya, kuma har yanzu da nake rubuta muku wannan raina bai gama hucewa ba. Yayan matata ne a gaba cikin motarsa mai sanyi, ni ina biye da a-kori-kurata. A bayan tawa motar akwai tsohon da ke kula masa da gonar dabino, mutumin Damagaram, rungume da Barewa.

Barewa karyar farauta ce, irin siraran nan masu dogayen ƙafafu da Larabawan ƙauye ke kira saluƙi. A takarda ta yayan matata ce, shi ya saye ta tana 'yar kwikwiya. Amma shekara huɗu ke nan tsohon ne ke ba ta abinci, shi ke fita da ita kamun zomo a cikin baƙaƙen duwatsu, shi ke ƙunsa mata lalle a tafin ƙafa don kada tsakuwa ta tsaga ta. Maigidan bai taɓa ɗora hannu a kanta ba, tsoron najasa yake yi.

Abin da ya tayar da mu, Turawan da ke aiki a matatar mai ta Yanbu ne suka shirya gasar nuna karnuka a unguwarsu. Tunda su ba su shiga Madina, sai mu mu je musu. Yayan matata yana neman su san da shi, wani kuma ya faɗa masa suna mutuwar son saluƙi. Tun kafin mu tashi ya gindaya sharaɗinsa a gaban kowa: in karyar nan ta ba shi kunya, to kalas, shi ke nan, a hanya za a sauke ta, ta nemi masu ita a jeji. Na san halinsa, ba ya faɗa ya fasa. Tsohon ma ya sani.

Hanyar ba laifi, kwalta ce har can, sai dai kwana-kwana tsakanin duwatsu da manyan motocin siminti da ba su san akwai wasu bayin Allah a titi ba. A wajen Badar muka tsaya wata rumfar shayi. Wake da gurasa mai zafi, da shayin da aka zuba wa sukari kamar da gayya. Mai rumfar ya caje mu ninkin abin da ake sayarwa a Ƙuba, can Madina, da na yi magana sai ya nuna mini duwatsu ya ce in je can in nemi mai araha. Na biya ina ƙunƙuni.

A nan ne yayan matata ya fito da igiyar da ya saya musamman, ta fata, da zobe mai ƙyalli. Ya ce shi da kansa zai ja ta a fili. Tsohon ya ajiye kofinsa ya matso.

"Maigida, game da igiyar nan, akwai abin da ya kamata in..."

"Kai dai aikinka ka riƙe ta har a kira mu. Jan kare kuma sai an koya wa mutum? Yalla, mu tafi."

Tsohon ya haɗiye maganarsa. Ni ma da nake da baki ban ce uffan ba, saboda surukuta. Wannan shirun nawa yana cikin abubuwan da ke ci mini rai.

Mun shiga Yanbu hantsi ya ɗaga. Wanda ya saba da busasshiyar iskar Madina, in ya zo nan sai ya ji kamar an lulluɓe shi da jiƙaƙƙen bargo. Ko'ina bututu da ƙarafa da hayaƙi, ga warin kifi na tasowa daga bakin teku. Unguwar Turawan kuwa ciyawa kore shar, a ƙasar da muke tattalin ruwan alwala. A tsakiyar ciyawar suka kewaye fili da igiya, suka jera kujeru. Na ga karnuka iri-iri: wani gashi ya rufe masa ido, wani ƙafafunsa ba su kai tsawon yatsana ba, wata ma an ɗaura mata ƙyalle a ka kamar mai zuwa biki. Da aka sauko da Barewa, kowa ya juyo yana kallonta. Suka yi ta nuna jajayen ƙafafunta suna tambaya, yayan matata yana amsawa kamar shi ke kwaɓa lallen.

Ƙa'idar gasar mai sauƙi ce. Ka zagaya fili da karenka yana sassarfa, alƙali ya duba tafiyarsa. Alƙalin wani dogon Bature ne, rana ta gasa masa wuya ya yi jawur. Da aka kira mu, yayan matata ya gyara alkyabbarsa, ya naɗe hannunsa da hankici don kada igiyar ta taɓa shi, ya umarci tsohon ya tsaya bayan kujeru, wai tufafinsa na gona ne. Sannan ya shiga ya finciki igiyar.

Barewa ta ƙame. Ta miƙe wuya, ta kafa kunne, ko gezau. Ya sake ja, ta ƙara kafewa. Ya kira ta da Larabci, ya kira ta da Hausa, har da fito ya gwada, shi da ban taɓa jin ya yi fito ba. Wata mata ta miƙo biskit, Barewa ko kallo bai ishe ta ba. Aka fara 'yan dariya a kujeru. Fuskarsa ta haɗe, ya naɗe igiyar sau biyu a hannu ya ja da ƙarfinsa duka, har ƙafafunta na gaba suka bar ƙasa, ta fara kakari.

Na juya wajen tsohon. Na ce, "Baba, me ya same ta?"

Ya ce, "Ba taurin kai ba ne, ɗana. Biyayya take yi. A farauta in na ɗaure igiya tamau, ma'anarsa zomo na kusa, kada ta motsa. Sai na sassauta take tafiya. Abin da na so in faɗa masa ke nan a Badar."

Wato duk jan da yake yi, cewa yake ta tsaya, ita kuma tana tsayuwa ko da zai shaƙe ta. A kan wannan ne za a yar da ita a jeji. Wallahi sai da na ji idona ya rufe don takaici. Na ajiye kunyar surukuta na ɗaga murya na ce, "Yaya, sassauta igiyar, za ta tafi."

Ya harare ni ya ce, "Uskut, rufe mini baki. Ku ma za ku koya mini?" Ya sake ja.

Alƙalin ya duba agogonsa, ya ɗaga hannu zai sallame su. A nan tsohon ya tuɓe takalmansa, ban san dalili ba, ya tsallake igiyar filin. Mutumin da zamansa a ƙasar nan ke hannun maigidansa, ya taka har gabansa a idon jama'a, ya rusuna ya ce, "Maigida, ka yi mini aikin gafara." Ya zare igiyar daga hannunsa a hankali, ya sake ta har ta yi lilo tana shafar ciyawa, ya yi wani ɗan tsaki a hankali.

Ban iya kwatanta muku tafiyar nan ba. Ƙafafunta kamar ba su taɓa ƙasa, kanta sama, jelarta a lanƙwashe, tsohon na gefenta ba takalmi yana 'yar sassarfa da wandonsa mai faci. Suka zagaya sau ɗaya, alƙalin ya ce su ƙara, ba don ƙa'ida ba, don dai ya sake kallo. Masu dariyar ɗazu suka tashi tsaye suna tafi. Ta zo ta biyu. Wani ƙaton kare mai gashi ne ya zo na ɗaya, kuma ni dai har gobe ban yarda da wannan hukuncin ba.

Kun san abin da ya biyo baya? Yayan matata ya karɓi kambun yana murmushi har kunne, ya yi musabaha da kowa. Da mai hoto ya zo, ya ce wa tsohon ya matsa gefe, ya dai riƙe igiyar daga nesa. Ko sannu bai ce masa ba. Tsohon ne ma ya bi shi har mota yana ba shi haƙurin shiga fili ba izini, shi kuma ya ce ya yafe, amma kada a kuma.

Aka gayyaci yayan matata cin abinci ciki. Mu muka gangara bakin teku muka ci shinkafa da soyayyen kifi, mai daɗi ƙwarai. Tsohon ya cire ƙaya ya ba Barewa rabin nasa, sannan ya roƙi mai abincin ɗan man zaitun ya shafa mata a wuya, inda igiyar ta kwaile gashi ta bar jan shati.

Mun kamo hanya bayan azahar. Duk inda muka wuce fili fetal ba gida ba ruwa, sai in duba madubi in ga kanta a kan cinyar tsohon, in ce a raina da yanzu a nan aka sauke ta. Mun shigo Madina ana kiran magariba.

Abin da tafiyar nan ta koya mini bai da yawa. In wanda ke yi maka wahalar abu ya buɗe baki, ka bari ya kai aya. In kuma an katse shi a gabanka, kada ka yi shiru irin nawa na Badar, don wuyan Barewa ne ya biya wannan shirun.

Shekaranjiya aka wanko hoton, yayan matata ya sa shi a gilashi ya rataye a ɗakin baƙi. Yana tsaye da alkyabba da kambu, Barewa na gabansa. Amma ba shi take kallo ba. Ta juya kai can gefe, inda ba a ganin komai sai hannu ɗaya mai kaushi, riƙe da igiya a sake. Duk baƙon da ya shigo sai ya tambaya hannun wane ne, shi kuma sai ya ce a kawo shayi.