Makulli Yana Wajen Dangi

Ɗazu da hantsi, a shagon shayin Usman, wani Bahaushen Sudan da ke nan unguwarmu ta Ainu Shams a ƙasar Larabawa, aka sa tsohon fim ɗin Amurka marar kala. 'Yar attajiri ta auri direban ubanta. Ana ta dariya, har a ƙarshe uban ya rungume surukinsa.

Usman ya dube ni. "Haba Baba, fim ɗin dariya ne fa. Hawayen na mene ne? Ko sukari ne bai ji ba?"

Na ce, "Su a nan suka tsaya. Ni na ga sauran."

Ina ɗalibi, ba ni da komai, na auri Samira, 'yar masu hali. Danginta ba su taɓa taka ƙofarmu ba sai ranar da ta rasu. Suka kai ta makabartar gidansu mai katanga da kwaɗo.

Duk Juma'a nakan ja ƙafa in je, mai gadi ya ce, "Ma'alish, yi haƙuri, makulli yana wajen dangi." Yanzu ƙafar ma ta ƙi.

Na san addu'a ba ta neman makulli. Amma jama'a, ku gaya mini, ranar tawa ina za a kwantar da ni?