Jan Rubutu a Kwamfutar Ɗiyata

Damina ce, gero ya fara fidda kai. Ruwa ya wadata a shekarar, amma babu mai kwanciyar hankali, gonakin bakin daji duk an bar su sun zama ciyawa saboda 'yan bindiga.

Ɗiyata ta zo gida Batsari daga makarantarta ta Katsina, tana ƙarasa aikinta na fita: manhajar waya mai tuna wa uwaye ranar rigakafin yara. Ranar Litinin za ta nuna wa malamai. In bai buɗe a waya ba, sai ta maimaita shekara.

Ranar Asabar datarta za ta ƙone, ita kuma ba ta iya ganin abu ya tafi a banza. Sai ta sabunta manhajar da take rubutu a ciki da ragowar. Da ta buɗe aikinta ranar Lahadi, sai ga jan rubutu ya cika ƙasan allon.

Na yi karatun yaƙi da jahilci, ina karanta Hausa a hankali, amma wannan Turanci ne. Na ce, "Ke, ya lalace ne?"

Ta ce, "Bai lalace ba, Inna. Akwai wata ƙaramar manhaja mai harhaɗa aikin ya zama na waya. Sabuwar da na saka jiya ta ce ba za ta yi aiki da tsohuwar ƙaramar ba."

"Ashe su ma suna da girman kai."

Ta yi dariya kaɗan. Wata ƙawarta ta bugo waya ta ce ta goge komai ta sake. Ta ƙi. Ta zauna a tabarma tana bin jan rubutun da yatsa, layi bayan layi, ba ta tsallake ko ɗaya. Ni da na haife ta ban san tana da wannan haƙurin ba. Can ta gano inda aikin ke kiran lambar tsohuwar ƙaramar manhajar, ta canza ta.

Saura a sauko da sabuwar ƙaramar manhajar, ga sabis ɗinmu sai a sama. Ta sayi data, ta sa wayar a kwando ta rataya a reshen darbejiya, ta zauna a gindi da kwamfutar. Hadari ya rufe rana, sola ba ta caji, batir yana ta raguwa. Abin ya yanke, ta sake farawa. Na riƙe mata lema saboda yayyafi.

Bayan la'asar jan rubutun ya ɓace. Ta miƙo min wayar ta ce, "Inna, karanta." Aikin ya buɗe a wayar, da Hausa ne. Na karanta mata har ƙarshe.

Da safe na naɗe kwamfutar a tsohon zani, na sa ta a ƙasan kwano, na zuba gyaɗa a kai don kada idon kowa ya kai a hanya. Na ɗauka a kaina na raka ta tasha, na tsaya har motar Katsina ta cika.