Ruwan Jegon Hureira

Matso nan ka zauna, in ba ka labarin Lailatu 'yar Malam Ashafa ta unguwar Setapak, can ƙasar waje, wadda tun tana ƙarama take cewa likita za ta zama.

A kwalejinsu an sha gaya musu maki kaɗai ba ya kai mutum makarantar likitanci, masu tantancewa sai sun tambayi abin da ka yi bayan aji. Sai ga korona, aka kulle gari, ƙungiyoyin ɗalibai suka koma waya. Lailatu ta samu kujerar sakatariya a ƙungiyar kimiyya: taro kullum da safe, takardar shaida a ƙarshe.

Ana nan sai Hureira, matar wani ɗalibi a benensu, ta haihu. Haihuwar fari, ba jirgi, Iyarta tana Zariya tana kuka ta waya, wa zai yi wa 'yarta wankan jego? Mahaifiyar Lailatu asma ta hana ta fita. Lailatu ta ɗaura takunkumi, ta ɗauki tukunya ta hau sama. Ganyen darbejiya ma wajen wata Ba'indiya maƙwabciyarsu ta samo.

To, ita Lailatu ta karanta abin da ruwa mai ƙuna da yawan kanwa ke yi wa zuciyar mai jego. Iya kuwa, da ke kallo ta bidiyo, ba ta yarda sai ta ga tururi ya rufe waya.

"Ke 'yar likita, wannan ruwan ko kaza ba zai fige ba."

"Iya, ai ba fige ta za mu yi ba."

Suka yi ta ja har suka daidaita. A tafasa ganye Iya na kallo, a sirka Iya ta kau da kai, kunu kuma a ɗan taɓa masa kanwa. Amma lokacin wanka shi ne lokacin taro. Ƙungiya ta yi haƙuri ta gaji, ta ba wani kujerar. Malam Ashafa bai yi faɗa ba, ya dai tambaye ta wa ke ba da takardar wankan jego.

Ranar tantancewa ta bidiyo aka yi mata tambayar nan ta abin da ta yi bayan aji. Ta ba su labarin Iya da tukunya, da yadda Hureira ta yi arba'in lafiya. Wata likita ta sunkuya ta daɗe tana rubutu. Na kusa da ita ya nemi shaida, Lailatu ta ce babu.

Har yanzu tana jiran sakamako. Kai da kana cikin waɗannan likitocin, da ka ɗauke ta?