Na Bar wa Hajiya Kyanwa, Na Tafi Ganin Teku

Mun tashi daga Glenwood, unguwarmu a birnin Greensboro, da asubar Alhamis, ana idar da salla, mu uku cikin tsohuwar motar ƙawata. Ita ce direba. Ta ukunmu ƙanwar mijinta ce, wadda ta yi alkawarin riƙe mana taswirar da muka buga a takarda, amma kafin mu fita gari barci ya kwashe ta, taswirar na kan cinyarta. Wilmington muka nufa, bakin teku, kwana uku. Hutu ne na farko da na ɗauka tun zuwana ƙasar nan, kuma su suka matsa mini, wai mutum ba ya gama digiri ya zarce neman aiki bai ko sha iska ba.

Gangar jikina ce kawai a motar. Hankalina yana gida, wurin kyanwa.

Na san wasu za su yi dariya, don haka bari in yi bayani. Shekara biyu ina karatu ina kuma jinyar wata tsohuwar Baturiya a unguwar Irving Park. Da 'ya'yanta suka yanke shawarar kai ta gidan tsofaffi, inda ba a shiga da dabba, sai ta riƙe hannuna ta roƙe ni in karɓi kyanwarta, Biskit. Na ce na karɓa. Kyanwar ma tsohuwa ce, tana da ciwon da ke ramar da ita, kuma likitan dabbobi ya ce sai ta sha ƙwayar magani sau biyu kullum, awa goma sha biyu tsakani. In aka yi kwanaki ba ta sha ba, zuciyarta na iya samun matsala. Ban taɓa tsallake ko sau ɗaya ba. Duk da haka, a wata biyun nan na ga kamar tana ƙara ramewa, ban kuma gano dalili ba.

Shi ya sa na yi mako biyu ina juya maganar inda zan bar ta. Na je wani gidan ajiyar dabbobi a wajen titin Wendover Avenue. Gaskiya ban ga aibunsa ba. Wuri ne tsaf, ma'aikata masu fara'a, kowane keji da takardar da ake rubuta lokacin magani. Sun duba takardun rigakafinta suka ce komai daidai. Sai dai bango ɗaya ne tsakanin ɗakin kyanwoyi da na karnuka, kuma minti goman da na yi a ciki haushi bai tsaya ba. Biskit kuwa ko ƙarar injin shara ta ji sai ta wuni a ɓoye ba ci ba sha.

Ɗaya hanyar ita ce Hajiya Mariyama, maƙwabciyata, mutuniyar Maraɗi da ta zo zama wurin ɗanta. Ita ce ta kawo kanta, da ta ji ina maganar.

“Ki kai dabbar Allah kurkuku ina zaune? Kawo makulli.”

Tsoron da na ji ba na rashin kirkinta ba ne. A gida kyanwa ita ke ciyar da kanta, ba ta da likita, ba ta da kwano. Hajiya ma ba ta kiran Biskit da sunanta, Baturiya take ce mata, wai don ba ta jin Hausa kuma tana da asibitinta. Na zauna na rubuta mata shafi uku na bayani, har da ja wa wasu layuka layi a ƙasa: bakwai na safe, bakwai na yamma, kada a buɗe ƙofar baya. Sai da na miƙa mata na tuna ba ta karanta boko. Ta juya takardun, ta mayar mini.

“Hadiza, ni ba na aiki da agogo. Faɗa mini bayan wace salla.”

Na ɗauko jadawalin masallaci na duba, na sake dubawa. A wannan wata na Oktoba, in ta gama lazimin asuba ta ba ta, ta kuma ba ta bayan magariba, tsakanin ya yi kusa da abin da likita ya ce. Na ce asuba da magariba. Ta ce shi ke nan, magana ta ƙare, tsarabarta kuma ruwan teku a kwalba, don an ce mata yana yi wa gwiwa magani. Na ba ta makulli. Katin gidan ajiyar dabbobin kuwa na sa shi a jakata, ko da za a buƙata.

Hanyar gabas shimfiɗaɗɗiya ce, ba rami ba shinge. Mun wuce Burlington rana na fitowa, muka ci karo da cunkoson masu zuwa aiki tsakanin Durham da Raleigh, kowa shi kaɗai a motarsa da kofin gahawa a hannu. Bayan Raleigh ƙasa ta kwanta, sai dogayen itatuwa iri ɗaya dama da hagu, da gonakin auduga da suka yi fari, har ƙawata ta ce in ba don itatuwan ba sai ta rantse hanyar Madarumfa muke. Can gaba wani wari ya shigo motar. Mai barci ta farka ta fara zargin kayan miyarmu. Ashe gonakin aladu ne a yankin. Muka rufe gilashi, muka yi ta wuce allunan gidajen abinci masu hoton alade yana murmushi, wani ma har da hular mai dafa abinci a kansa. Ban san abin da yake yi wa murna ba.

Mun tsaya shan mai a wani ƙaramin gari, inda na lura ya ɗan fi na Greensboro sauƙi. Matar da ke kanti ta yaba ɗan kwalina, ta tambayi daga ina muke. Na ce Nijar. Ta ce ai ɗan'uwanta ya yi aiki da wani ɗan Najeriya. Na fara yi mata bayanin bambancin, ƙawata ta ja hannuna ta ce rana na yi.

Kafin azahar muka isa. Mun kama ɗaki ɗaya mai gado biyu a wani ƙaramin masauki, da yake lokacin baƙi ya wuce kuɗinsa ya sauko sosai. Muka yi salla, muka taka zuwa bakin ruwa.

Ni 'yar ƙasar da ba ta da teku ce. Na taɓa ƙetare shi a jirgin sama, amma girgije kawai na gani. Ran nan na tsaya a kan rairayi ina kallonsa. Yashi dai na san shi tun ina yarinya, sai dai namu ba ya ƙarewa a ruwa. Abin da ya fi ba ni mamaki ƙararsa ce, ba ta yankewa, kamar ana ta zazzage buhunan gero. Na tattare zanena na shiga iya idon sawu. Igiyar ruwa ta zo ta janye yashin da ke ƙarƙashin ƙafata, na ja da baya da sauri. Abokan tafiyata sun shiga har gwiwa suna kirana matsoraciya. Wataƙila haka ne.

Abincin yamma muka ci a wata rumfar katako. Soyayyen kifi da jatan lande, faranti ɗaya dala tara, ya kuma ishi mutum biyu. Sai da na tambayi mai kawo abinci da wane mai suke suya, ta shiga ciki ta tambayo, ta ce na gyaɗa ne. Suna haɗawa da wasu 'yan dunƙule na garin masara da aka soya, kamar ƙosai ya yi ƙaura ya manta da barkono. Shayinsu kuwa mai sanyi ne, da sukari kamar za a yi alewa.

Na yi wa kaina alkawarin ba zan dami Hajiya da waya ba. Na cika shi har azahar ɗin Juma'a.

“Lafiya lau muke,” in ji ta. “Sai dai Baturiyarki 'yar duniya ce. Na ba ta magani ta karɓa kamar mutuniyar kirki, ta shiga ƙarƙashin kujera ta tofar.”

Na miƙe tsaye. Na ce, “Hajiya, na jiya ko na yau?”

“Na yau na kama ta. Na jiya Allah ne masani. Ki bar ni da ita. Akwai sauran magana, amma sai kin dawo.”

Ta kashe, don ba ta son dogon zance a waya, wai ana cin kuɗin mutane.

Na zauna a bakin gado na fiddo katin nan. Sun ce mini ko yaushe aka kawo ta za su karɓa, kuma su aikinsu ke nan, sun san dabarun ba dabba magani. Kira ɗaya zan yi wa ɗan Hajiya, in ya tashi daga aiki ya saka kyanwar a kwando ya kai ta. Tsohuwar da ta ba ni Biskit ba ta ba Hajiya ba, ni ta ba. In wani abu ya faru, ni zan je gidan tsofaffin nan in tsaya a gabanta. Kuma mece ce sauran maganar da sai na dawo?

Ƙawata ta dube ni, ta dubi katin.

“Ki aika ɗanta ya karɓe amana daga hannunta da rana tsaka? To. Sai ki nemi idon da za ki gaishe ta da shi ran Lahadi.”

Na ce rai ne fa a tsakani.

“Matar da ta yi kiwon awaki shekara arba'in, ta yaye 'ya'ya tara? Ke kin taɓa ɗura wa ɗan akuya jiƙo?”

Ban taɓa ba. Na daɗe ina kallon lambar. Abin da ya tsayar da ni, in na faɗi gaskiya, ba maganar ƙawata ba ce kaɗai. Na tuna Hajiya ce da bakinta ta faɗa mini kyanwar ta tofar, alhali da ta yi shiru ba zan taɓa sani ba. Wanda ya duƙa ya leƙa ƙarƙashin kujera, ya kuma faɗi abin da ya gani, ban ga dalilin da zan karɓe aiki daga hannunsa ba. Na mayar da katin jaka. Ban ce hankalina ya kwanta ba, amma ban kira ba.

Ran Asabar muka shiga jirgin fito da motarmu, muka ƙetare bakin kogi zuwa wani ƙaramin gari mai suna Southport. Mota cikin jirgi, jirgi a kan ruwa, ni kuma ina riƙe da ƙarfe da hannu biyu ina karanta duk addu'ar da na sani. Fararen tsuntsaye suka bi mu suna cafe burodi daga hannun mutane. A garin akwai manyan itatuwa masu wani gashi toka-toka yana reto kamar gemun tsofaffi, da gidajen katako masu kujerun lilo a baranda. Mun sayi alewa mai danƙo ta tsaraba. Da yamma na shiga ruwa da kwalbar Hajiya, wannan karon har gwiwa, don na ga na bakin gaɓa duk yashi ne. Ina alfahari da wannan ma, ko da yake ba wanda ya ɗauki hoto.

Mun kamo hanya ran Lahadi da hantsi, muka shigo Greensboro bayan la'asar. Tun daga ƙofa na ga an share ɗakina shara irin ta gida, an ja kujeru, an goge bayan firij. Biskit na kwance a kan taga. Hajiya na zaune da carbi, ga 'yan faranti biyu a gabanta. Bayan mun gaisa, ta tambayi hanya, ta karɓi kwalbarta, sai ta turo mini na farko. Ƙwallayen dabino ne guda biyar.

“Na san halinki, sai kin ƙirga. Duk wanda ta haɗiye a kan idona, na ci dabino na ajiye ƙwallon. Shida ya kamata. Na magaribar Alhamis ban sa ba, ban shaida ba.”

Ta turo na biyu. Ƙwayoyin magani ne, sun yi ƙura, wasu da gashi a jiki. Na ƙirga goma sha uku.

“Waɗannan ba nawa ba ne, 'yar boko. A ƙarƙashin kujerar can na share su. Ta daɗe tana yi miki.”

Na tsaya ina kallon farantin. Wata biyu ina sa ƙwaya a bakin kyanwa, ina duba agogo, ina yin alama a takarda, ita kuma tana zagayawa bayan kujera. Ramar da ta hana ni sukuni ke nan. Na tambayi Hajiya yadda ta yi. Ta ce ta daka busasshen kifi ne, ta murza shi da ɗan man shanu, ta tura ƙwayar a tsakiya, sannan ta zauna ta tsare ta da ido har sai ta lashe baki. Washegari na kira likitan na ba shi labari, ya ce ba laifi, a ci gaba da hakan, in kawo ta awo bayan mako uku.

Ba zan ce kowa ya guji gidan ajiyar dabbobi ba. Mai yiwuwa ga wata dabbar shi ya fi, kuma na tabbata da sun ba ta maganin a kan lokaci. Amma da can na kai ta, ba wanda zai ja kujerar ɗakina. Na tafi ganin teku, na gan shi, na shiga har gwiwa. Abin da na fi alfahari da shi a tafiyar nan shi ne wayar da ban buga ba.

Ran Lahadin da muka dawo, da magariba ta yi, na tashi zan ɗauko magani, Hajiya ta ce in yi salla tukuna in gani. Na shimfiɗa darduma. Ina yin sallama na waiga, sai ga Baturiya ta sauko daga taga, ta zauna a gefen dardumar, ta naɗe wutsiya tana jira.